Daga "a ba ni wurin ajiye kaya" aka fara

Assalamu alaikum Malam Edita,

Gaisuwa mai yawa gareka da sauran ma'aikata, ya aiki ya kuma haƙuri da irinmu masu dogon surutu. Ni ɗan kasuwa ne a nan Garwa, atamfa da shadda da leshi nake saidawa a babbar kasuwa shekara ashirin da wani abu kenan, lekol kuwa ko bepese wato jarabawar ƙaramar sakandare ban kai ba mahaifina ya cireni ya sani a rumfa, amma Allah Ya jarabceni da son karance-karance da rediyo, littattafan yarana ma in sun gama aji ni nake gadonsu.

Abinda yasa na ɗauko waya shine sharhin da kuka buga kwanakin baya akan mulkin mallaka. Mai rubutun yayi ƙoƙari gaskiya Allah Ya ƙara basira, sai dai ya fara labarin daga taron Balin na 1884 inda Turawa suka zauna kan rabon Afirka, kamar kafin nan Turawa barci suke a gida sai rana ɗaya suka farka suka ɗauko taswira da wuƙa, to nan ne ban yarda ba. Mu ma nan arewacin Kamaru haka muke ɗauka, da kace zuwan Nasara sai a tuno Jamusawa da suka ci Garwa a 1901 suka wuce Marwa farkon 1902, ko Faransawa da Rabe a Kusuri ranar 22 ga Afrilu 1900, wato dai soja da igwa. Alhali wanda ya fara tura ƙofar ɗan kasuwa ne irina, da sikelinsa da littafin bashinsa, kuma abinda ya roƙa ranar farko wurin ajiye kaya ne kawai.

Kullum ta Allah sai mace ta tsaya bakin rumfata tace ita Holan takeso ta asali, lefe kuwa in babu Super a ciki ai dangin ango sun shiga uku da gorin 'yan uwan amarya. Amma ka tambayi Hajiya ina ne Holan ɗin sai tayi dariya tace ita dai ta san turmi. Wata 'yar ƙaramar ƙasa ce wadda jihar Arewa tamu kaɗai ta fita faɗi, wani sashenta ma ƙasa yake da teku sai da datsiya suke tare ruwa. Yanda akayi wannan 'yar ƙasa take tufatar da amarenmu daga Garwa har Kano har Njamena, asalinsa yana can cikin shekarun 1600, shekara kusan ɗari uku kafin Balin.

Su ma ba sune na farko ba, Fotugal ta rigasu. A 1472 jirginsu ya shigo bakin kogin Wuri inda Duwala take yanzu suka tarar da jatan lande ya cika ruwa, sai suka sa masa suna Rio dos Camarões wato kogin jatan lande, daga nan sunan Kamaru ya fito, kaga ƙasa guda da sunan abin miya. A 1482 suka gina ganuwar Elmina a gaɓar Ghana ta yanzu, 1488 Dias ya kewaya ƙarshen Afirka ta kudu, 1498 Vasco da Gama ya isa Indiya. A littafin rubutun ɗana na lise wato babbar sakandare an rubuta wannan darasi da sunan manyan gano-gano, nace masa kai yaro wa aka gano, mutanen da ke bakin Wuri sun ɓace ne da? Lokacin da 'yan Holan suke fara koyon hanyar teku, Mai Idris Aloma na Barno ya riga ya aika jakadu Istanbul yana da 'yan bindigarsa, ayarin fatake na zuwa Fezzan da Tarabulus suna dawowa, namu kuma suna hanyar Gwanja ɗauko goro. Yace Baba in na rubuta haka a jarabawa zero za'a bani, nace to rubuta nasu amma ka san naka.

Abinda ya fito da 'yan Holan kayan yaji ne wallahi ba wani abu ba, kanumfari da kirfa da masoro da gyaɗar ƙamshi, irin wanda matanmu ke saye na dala biyar a ƙulla a leda. Da a Lisbon babban birnin Fotugal suke sara su raba a Turai, to sai suna yaƙi da Sifen, Fotugal kuma ta faɗa hannun sarkin Sifen a 1580, hanya ta toshe. Duk ɗan kasuwa ya san abinda ake yi in dila ya hanaka kaya, ka nemi inda shi yake sarowa. A 1595 jirage huɗu suka tashi zuwa Jaba, wato tsibirin Java na Indonesiya ta yau, da mutum kusan 250, waɗanda suka dawo da rai basu kai 90 ba, amma sun ga hanya, kuma shikenan.

A 1602 suka haɗa kamfanoninsu wuri ɗaya suka kafa wanda ake kira VOC, kamfanin Indiya ta Gabas. Malam Edita nan nake so masu karatu su tsaya su duba da kyau. Kamfani ne mai hannun jari, kowa ya kawo kuɗinsa a rubuta sunansa a Amsterdam kamar adashi na manya, shugabanni 17 ke juya shi, amma takardar da gwamnatinsu ta bashi ta yarje masa ya ɗauki soja, ya gina ganuwa, ya ƙulla yarjejeniya da sarakuna, ya buga kuɗi, yayi yaƙi, har ya yanke wa mutum hukuncin kisa. Ka ɗauka ƙungiyarmu ta 'yan atamfa aka ba izini mu sayi igwa muje mu ci Yola saboda kar kowa ya saida turmi sai mu. A 1619 wani gwamnansu Jan Pieterszoon Coen ya ƙone garin Jayakarta ya gina Batavia a kan tokarsa, itace Jakarta ta yau. A 1621 ya juya kan tsibiran Banda, inda a lokacin nan ne kaɗai gyaɗar ƙamshi ke fitowa a duniya, mutanen wurin musulmi ne 'yan kasuwa, laifinsu sunce zasu saida wa duk wanda ya taya da kyau ko Balarabe ne ko Bature ɗan Ingila. Daga mutum wajen 15,000 waɗanda suka rage a tsibiran basu wuce 1,000 ba, wasu an kashe wasu yunwa wasu sun gudu wasu an kwashesu bayi, aka kawo wasu bayin suka cigaba da noman. Duk a littafin kamfani wannan kuɗin kashewa ne aka rubuta a gefe ɗaya, riba a ɗaya gefen.

Amma wanda yafi tsaya min a rai shine na Kef, can ƙarshen Afirka ta Kudu, don in ka karanta kamar a bakin Binuwai akayi shi. Tafiya daga Holan zuwa Jaba tana cin wajen wata takwas, matuƙa suna mutuwa da wani ciwo da ke ruɓar da dasashi haƙora su zube saboda rashin ɗanyen ganye da lemo, sai kamfani yace a samu zango a tsakiyar hanya. Ranar 6 ga Afrilu 1652 Jan van Riebeeck ya sauka da jirage uku da mutum wajen 90, umarnin da aka bashi ya gina 'yar ganuwa, yayi lambu, ya tanadi ruwan sha, ya sayi nama wajen mutanen wurin, ba'a ce ya ci ƙasa ba. Mutanen wurin kuwa Koikoi ne, makiyaya masu shanu da tumaki, suna tashi da dabbobinsu daga mashekari zuwa mashekari suna dawowa in lokaci yayi, kamar dai Mbororo namu. Kuma ba ragwaye bane, don a 1510 a wannan wurin suka kashe Almeida babban kwamandan Fotugal da mutanensa sama da hamsin, da shanun da suka horar suka kora musu.

Da fari ciniki ne, a basu tagulla da taba da tsakiya da giya su bada tunkiya ko sa. To amma wane makiyayi ne zai saida saniyar tatsa saboda ƙullin taba? Suna bada tsofaffi da guragu suna riƙe na kirki, jirage kuma kullum ƙaruwa suke nama baya isa. Sai a 1657 kamfani ya sallami ma'aikatansa tara ya yanka musu gonaki a bakin kogin Liesbeek yace su noma su saida masa, a 1658 aka fara sauke bayi, wasu 'yan Angola wasu daga gaɓar Gini. Koikoi suka dawo da shanunsu kamar yanda suka saba kowace shekara suka tarar an nome makiyaya an tare mashaya. A 1659 yaƙi ya tashi, wanda ya jagorancesu sunansa Doman, tafintan kamfanin ne da har Batavia an kaishi ya ga abinda akayi wa mutanen can, kuma ya gane cewa bindigarsu ta lagwani bata tashi in ana ruwa, saboda haka sai ana tsuga ruwan sama yake kai hari. Da aka zauna sulhu a 1660 manyan Koikoi suka tambayi van Riebeeck, shin mu in munje Holan za'a barmu muyi haka? Suka ce in ciyawa bata isa shanun kowa ba wa ya kamata ya matsa, mai wuri ko baƙo? Shi da kansa ya sa aka rubuta wannan a littafin ajiyarsa, amsar da ya basu kuwa itace ƙasar an cita da takobi kuma ba za'a mayar ba. A shekarar ya dasa shingen itatuwa ya raba, har yau akwai ragowar shingen a Kef Tawun. Abinda bindiga ta bari kuma agana ta 1713 ta ƙarasa.

Wani abu a gefe da zai ba 'yan uwa musulmi sha'awa, ta wannan hanyar ce musulunci ya kafu a can. Shehu Yusuf na Makassar a Indonesiya ta yau, malami ne da ya yaƙi kamfanin tare da Sarkin Banten, suka kamashi suka kaishi Silon wato Sri Lanka ta yau, suka ga har can almajirai da alhazai na binsa sai suka turashi Kef a 1694 da mabiyansa 49, ya rasu a 1699, har gobe ana ziyarar kabarinsa. Sun so su nesanta shi ne sai suka kai iri.

Dalilin da yasa labarin Kef ke hanani barci, kawuna yana wani ƙauye a hanyar Lagdo, yana da 'yan shanunsa yana noman masakwa. Shekarun baya wani mai hali daga birni, ba Bature ba, baƙin mutum ɗan uwanmu mai sallah, yazo wajen jauro wato mai gari da goro da sukari da buhunan shinkafa yace dan Allah a bashi ɗan wuri bakin ruwa ya ajiye injin ban ruwa da rumfar taki, kowa ma zai amfana. Jauro ya tara dattawa aka ce ai baƙo raɓa ne, aka bashi, aka kawo wata takarda da Faransanci ya dangwala yatsa, a ƙauyen kaf babu mai karanta ta. Bayan shekara uku sai ga mutane da abin awo suna kafa born na siminti, sai waya mai ƙaya, burtalin da shanu ke bi zuwa mashaya tun kakanni ya shige cikin waya. Da aka je magana sai ya fito da titir fonsiye wato takardar mallakar fili da hatimi da komai. Su a wajensu aro suka bayar, goron kuma na gaisuwa ne, shi a wajensa saye yayi kuma goron shine kuɗin. Samun wuri kenan, kuturu da gaɗa cikin rama. Ranar da kawu yake bani labari yana share ido da bakin rawani wallahi Doman na tuna.

Haka akayi a Amurka ma. A 1609 VOC ta ɗauki wani ɗan Ingila Henry Hudson ya nemo mata gajeriyar hanya zuwa Asiya, hanya bata samu ba amma ya shiga kogin da yau ke ɗauke da sunansa ya ga fatun wata dabbar bakin ruwa da ake kira biba, wadda Turawa ke hula da gashinta. A 1621 suka kafa kamfani na biyu na Indiya ta Yamma, a 1626 shugabansu a can Peter Minuit ya karɓi tsibirin Manhattan daga mutanen Lenape akan kayan da kuɗinsu gilda 60 ne, wasiƙar da ta kai labarin Holan a layi ɗaya ta faɗi wannan sannan ta wuce lissafin fatu, na biba kaɗai 7,246, kaga abinda ya damesu. Mutane suna dariya wai an saida Niyok da arha, ni bana dariya, don a al'adar Lenape ƙasa ba abar da ake saidawa a tashi bace, kyauta suka karɓa suka bar baƙo ya zauna kusa dasu, irin na jauron su kawu sak. Can kuma abin juyawa yayi, baƙin ne masu dabbobi, aladunsu da shanunsu ke shiga gonakin masarar masu ƙasa, gwamna Kieft ya ƙara da cewa su biya haraji, a Fabrairun 1643 ya tura soja cikin dare suka kashe sama da mutum ɗari har mata da yara. Katangar da suka gina a 1653, da bayi 'yan Afirka cikin masu aikin, ita ta bar sunan Wall Street wato titin katanga inda ake juya kuɗin duniya yau. A 1664 Ingila ta ƙwace garin daga hannun gwamnan Holan Peter Stuyvesant ta canza masa suna daga Sabuwar Amsterdam zuwa Niyok, a sulhun Breda na 1667 Holan ta haƙura dashi ta riƙe Surinam da wani ɗan tsibirin gyaɗar ƙamshi mai suna Run a Banda. A lissafin wannan zamanin su suke ganin sun ci riba.

Kar kuma a ɗauka ko'ina suka je sai yanda suka ga dama, wannan ma kuskure ne da ke kashe zuciyar yaranmu. Sun ƙwace Elmina daga Fotugal a 1637 amma a cikin ganuwa suka zauna suna biyan kuɗi ga masu ƙasa, daga baya Sarkin Asante ke karɓa, har Holan ta miƙa wa Ingila ganuwar a 1872. Luwanda ta Angola da suka kama a 1641 shekara bakwai kawai sukayi. A Japan an killacesu a wani ɗan tsibiri Dejima mai gada ɗaya tun 1641, shekara ɗari biyu suna ciniki basu isa su taka gari ba sai da izini. A Taiwan wani kwamanda ɗan Sin mai suna Koxinga ya tsaresu wata tara ya koresu a 1662. A bakin Wuri namu sun karɓe cinikin daga hannun Fotugal a wannan ƙarnin amma 'yan Duwala suka tsaya a tsakiya suka hana kowa wucewa ciki. Inda mai masauki yake da ƙarfi kuma ya faɗi sharaɗinsa tun ranar farko ya tsaya a kai, baƙon ya zauna a matsayin ɗan haya. Duwala ɗin ma da ta faɗi ta hannun kamfani ta faɗi, ranar 12 ga Yuli 1884 Sarki Bell da Sarki Akwa suka sa hannu da kamfanonin Hambug guda biyu, Woermann da Jantzen & Thormählen, wata huɗu kafin a buɗe taron Balin ɗin da mai sharhinku ya fara dashi. A takardar an rubuta filayensu nasu ne, da Jamus ta tashi kwashe filayen sai sarkin Duwala Rudolf Duala Manga Bell ya ɗaga wannan takardar, suka ratayeshi ranar 8 ga Agusta 1914.

Wani abokina a majalisar mai shayi yace min to ai ku Hausawa ma haka kuka zo Garwa da Ngaundare da Birkitari ta Yawunde, da a bamu wurin sauke kaya kuka fara. Gaskiya ne ban musa ba, kakana da jakuna yazo daga Kano. Amma mun sauka a hannun fatoma, Lamido ya nuna mana unguwa ya naɗa mana Sarkin Hausawa a ƙarƙashinsa, bamu zo da igwa a ƙasan kaya ba. Inda bakina ya mutu shine da ya kawo maganar bayi, don Holan ta ƙetarar da 'yan Afirka wajen 600,000 ta tekun Atlantika, kuma ba ita ke shiga daji ta kamo ba, kawo mata ake bakin ruwa, mu ma nan Adamawa an kai hari kan ƙabilun duwatsu an kora mutane kasuwa kuma fatakenmu suna cikin masu saye. Firaministansu na lokacin Mark Rutte ya nemi gafara ranar 19 ga Disamba 2022, Sarkinsu Willem-Alexander ya maimaita ranar 1 ga Yuli 2023. Namu ɓangaren ko a majalisa ba'a son a tayar.

Ita kuwa atamfar, zanen mutanen Jaba ne da ake kira batik, da hannu suke zana shi da kakin zuma su rina. Da Holan ta daɗe a can sai masaƙunta suka kwaikwaya da inji don su saida wa masu abin, kamfanin Vlisco da ke Helmond a Holan tun 1846 tana cikinsu, 'yan Jaba suka raina na injin suka ce ba kamar nasu ba, sai aka juyo da kayan gaɓar Ghana wajen ƙarshen shekarun 1800 inda aka karɓa hannu bibbiyu. Shi yasa har yau akwai turmin da muke kira Java a rumfa, da yawanmu bamu san sunan tsibiri bane. Ni dai ban daina saidawa ba kuma bazan ce wa kowa ya daina ɗaurawa ba, da ita nake ciyar da gida, audugar da ake nomawa a bayan garin nan kuma a dunƙule ake loda mafi yawanta zuwa Duwala.

Roƙona Malam Edita, in mai sharhin zai kawo kashi na biyu dan Allah ya ja baya ya fara daga 1602, kuma ku ware ko rabin shafi ne kuna bayanin takardun fili da Hausa, menene born menene titir fonsiye, wace takarda ce aro wacce ce sayarwa, don jaurawa da lawanai da yawa a nan Hausa suke ji ba Faransanci ba kuma akwai masu karanta musu jaridarku a waya. Maganar su kawu an ɗaga zama sai bayan damina, ya aiko in zo da ɗana na lise ya karanta musu takardar da jauro ya dangwala layi-layi, don har yau ba wanda ya taɓa fassara musu ita gaba ɗaya.

Wassalam, a gaida mutanen ofis.

Naku,
Mai atamfa a babbar kasuwa,
Garwa, Kamaru